Idan Gwaggo Ta Ce Ki Ɗan Taɓa

Bungudu,
ranar Laraba.

Ummi,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki warware wannan takarda kin riga kin sauka Gusau lafiya, kin yi salla, kin gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya miki. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a masauki, ya kuma tsare ki daga alherin da zai cuce ki. Wannan addu'a ta ƙarshe ba tuntuɓen alƙalami ba ne. Za ki gane kafin ki kai ƙarshen shafi.

Na cusa takardar a cikin takalmin gudunki don nan ne kaɗai na tabbata za ki duba. Da baki na so in yi miki maganar, amma na san yadda za ta kaya: in fara, ki ce “To, Mama” tun ban kai rabi ba, idonki yana kan waya. Takarda ba a katse ta. Ki sami wuri ki zauna.

Bari in fara da inda muke, mu daina yi wa juna kamar ba mu sani ba. Ranar Asabar da safe za ku yi tseren mita dubu biyar. Waɗanda suka zo a gaba za a wuce da su sansanin horo a Kaduna, shi ya sa jakarki ta fi ta kwana biyu girma. Sauran kowa ya kama hanyar gidansu. Ga yawancin yaran, baɗi na nan tafe. Ke ba ki da baɗi. Babanki ya faɗa a gabana: idan kika sake faɗuwa a gaban jama'a, gudu ya ƙare. Bai ɗaga murya ba, yana ɓare lemo ne ma a lokacin. Kin san halinsa. Maganar da ya yi cikin faɗa ana iya lallashinsa a kanta, wadda ya yi yana ɓare lemo ba ya janye ta.

Sai kuma Gwaggo. A gidanta za ki kwana biyu, kuma ita ce ta goyi Babanki bayan rasuwar mahaifiyarsu. Yau ga shi da furfura a gemu, amma idan yayarsa ta kira waya miƙewa yake tsaye. Idan ta ce masa gudun nan ya sa wa yarinya girman kai, ko ke kika zo ta ɗaya ba za ki ga Kaduna ba. Abu biyu ke nan kike riƙe da su daga nan zuwa Asabar, cikinki da zuciyar Gwaggo, kuma a kwano ɗaya za su haɗu.

Ƙafafunki ba su dame ni ba. Koci Bala ya yi aikinsa, ke ma kin yi naki, na ga yadda tafin ƙafarki ya koma. Abin da ya rage shi ne abin da za ki sa a baki, kuma a nan ina da ilimi mai yawa, domin kusan duk kuskuren da ake yi a kansa na yi shi da hannuna.

Wanda kika fi sani shi ne na bara, tseren makarantu a nan Bungudu. Kina gaba, kin ba ta biyu tazarar da har na fara gyara zaman mayafina saboda masu zuwa yi mini barka. Sai na ga kin dafe gefen ciki. Sai kika rage gudu. Sai kika durƙusa a bakin layi kika amayar da komai, maza suka yi miki zobe, rabinsu da waya a ɗage. Kafin magariba hoton ya isa majalisar su Babanki. Sau ɗaya ya kalla ya mayar wa mai wayar abarsa, ranar bai ci tuwo ba. Ba aman ne ya dame shi ba, zoben ne. Ki san wannan, don kada ki riƙe shi a matsayin maƙiyin gudunki.

Mutane sun yi ta bayani. Wasu suka ce rana ce, wasu suka ce baki ne, wata maƙwabciya ta ce dama jikin mace ba don wannan aka yi shi ba. Ni da ke mun san fura ce. Ni na dama ta da nono mai kauri, na miƙa miki kina ɗaure igiyar takalmi, na ce ki shanye ki sami ƙarfi. A makon kuwa nake koya wa 'yan ajina yadda abinci ke narkewa, har da zane a allo da kibiyoyi. Abin da na sani a aji bai biyo ni kicin ba. Hannun da ya dama furar nan hannun uwata ne, ita kuwa uwata manoma ta ciyar.

Ki fahimci wannan, don shi ne tushen duk rigimar da za ki tarar. Mutanenmu idan za su yabi abinci cewa suke yana riƙe ciki. Fura, hoce, tuwon dawa, ɗanwake, duk darajarsu ita ce su zauna su ƙi tashi, mutum ya shiga gona da sassafe bai tuna da yunwa ba sai azahar. Ga mai noma wannan rahama ce. Mai gudu kuwa, abin da ya riƙe masa ciki shi ma ya riƙe shi. Jinin da ya kamata ya tafi cinyoyinki yana can yana fama da gero da maiƙo, ga jijjiga a kan haka. Dole ɗaya ya haƙura, kuma ban taɓa ganin ciki ya haƙura ba. Don haka safiyar tsere babu fura, babu nono, babu shayi mai kaurin madara. Ba don ba su da kyau ba. Lokacinsu ne daban.

To amma na lura da abin da kika koma yi tun daga ranar. Kina tsammanin ban san inda kokonki na safe yake zuwa ba a ranakun atisaye? Akuyar gidan nan ta yi ƙiba ba gaira ba dalili. Shi ma wannan kuskure ne, kuma na riga ki yin sa tun ba a haife ki ba.

Ina jami'a a Zariya aka taɓa sa ni gudu wa ɗakin kwananmu, ba don na iya ba, don ni ce mai dogayen ƙafafu a cikin waɗanda ba su samu sun ɓuya ba. Na zauna na yi lissafi irin na masu ilimi: jiki marar nauyi ya fi sauri, ciki wofi ya fi rashin nauyi. Tun azahar ɗin jajibiri ban sa komai a baki ba sai ruwa. Zagayen farko na tashi kamar an kunna ni. A na biyu ƙafafuna suka zama na wata, ina aika musu saƙo ba sa amsawa. Na dai ƙarasa, ina ganin duhu-duhu, a bayan wata yarinya da ta yi gudun riƙe da silifas ɗinta a hannu. Ƙawayena sun daɗe suna kirana da wani suna da ba zan rubuta miki ba.

Jiki yana da rumbu, Ummi. Ƙarami ne, kuma da hatsi ake cika shi tun jajibiri. Wanda ya shiga dogon tsere da rumbu wofi zai fara da kyau, shi ya sa dabarar take yaudarar mutane. A atisayen safe kina tsira ne saboda Koci ba ya matsa ku har ƙarshe. Ranar Asabar za a matsa. Faɗuwar yunwa da faɗuwar ƙoshi kuwa, ga mai ɗaukar hoto da waya duk ɗaya ne. Ga Babanki ma haka.

Ga abin da nake so ki yi. Babu sabon abu a ciki, kuma wannan shi ne sharaɗin farko: daga yanzu har ki gama tsere, kada ki ci abin da cikinki bai taɓa yin gudu da shi ba, ko an ce daga Makka aka kawo.

Ranar Juma'a ki ci abincin rana sosai, kada ki yi wasa da shi. Da magariba, ba can bayan isha ba, ki ci farar shinkafa da miya 'yar kaɗan, marar yaji, wadda mai ba ya iyo a kanta. Nama yanka ɗaya ko biyu marar kitse, ko dafaffen ƙwai. In babu shinkafa, taliya ko dafaffen dankali. Ki ƙoshi ƙoshin mutunci, irin wanda za ki miƙe ki yi salla ba tare da nishi ba. Wake a kowace kamarsa ki bar shi: shinkafa da wake, alala, ƙosai, ɗanwake. Kwaɗon zogale da na rama ma haka, duk da na san tsakaninki da su. Suna motsa ciki, kuma ba za ki so cikin da ke motsi ba alhali saura zagaye huɗu a gabanki. Idan 'ya'yan Gwaggo suka shigo da tsire ko balangu a takarda, ki yi musu godiya ki ce ƙamshin ya ishe ki. Za su yi miki tsiya, su ce 'yar gudu ta zama baturiya. Ki yi dariya tare da su. Tsiyarsu ba ta zuwa kunnen Babanki.

Asabar, da kin idar da sallar asuba ki karya, don a sami kamar awa uku tsakanin cinki da busa usur. Koko mai ruwa-ruwa da sukari, wanda ba a cika masa citta da barkono ba, da biredi yanka biyu, da ayaba nunanniya. Ƙosan da ya saba raka koko, ranar ya raka wani. Na san safiyar nan za ki ji ko ruwa ba kya so. Tsoro ne, ba ƙoshi ba. Ki zauna ki ci a hankali kamar mai shan magani, sannan ki ba kanki lokacin shiga bayi tun a gida, don na filin wasa ba abin dogaro ba ne. Idan an ja lokaci a fili, kuma za a ja, tunda babban baƙo ba ya zuwa da wuri, ki ci dabino biyu ko uku kamar saura awa guda. Na sa miki shi a aljihun jaka na gefe. Daga nan ki rufe baki.

Ruwa kuwa tun Juma'a ake shan na Asabar. Kaɗan-kaɗan, duk yini, har ki ga fitsarinki ya yi fari-fari. Kada ki jira sai kin hango layi ki fasa leda biyu ki shanye, za ki ji shi yana kaɗawa a cikinki kamar jarka a bayan babur. Kurɓi biyu kafin a kira ku ya isa.

A filin za ki ga masu taimako, ba a rasa su. Wani zai zo da lemon gwangwani mai hoton wata dabba mai ƙarfi, wani da garin gulukos a tafin hannu, wata da ƙwaya a ƙullin leda ta ce ita ce sirrin 'yan tseren ƙasar waje. Wasu ma tsakani da Allah suke yi. Kada ki karɓa, ko daga hannun ƙawarki ne. Lemon zai sa zuciyarki ta riga ƙafafunki tashi. Ƙwayar kuwa ba ki san mece ce ba, mai ba ki ma ba ta sani ba, kuma akwai wadda idan aka gwada aka gan ta a jikin ɗan tsere, sunansa ya ɓaci ke nan. Gorar ruwanki ta zauna a hannunki ko a hannun Koci. Waɗannan dai ba su ba ni tsoro sosai ba, don baƙi ne, kuma kin iya ɗaure wa baƙo fuska. A wurina kika gada.

Wadda ba za ki iya ɗaure wa fuska ba ita ce Gwaggo.

Kin san sunan wa kike ɗauke da shi. Ni ina ce miki Ummi ne don ba zan iya kiran sunan surukata ba. Ita kuwa Gwaggo idan ta ce miki “Innata”, ba wasa take ba. Tana budurwa uwarsu ta rasu a Tsafe, a wata shekara da abinci ya yi wuya, kuma ta taɓa faɗa wa Babanki cewa abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta taɓa dafa wa uwarta abin kirki ta ci ba. Duk kwanon da ta tura gabanki, wancan kwanon ne da ba ta samu ta kai ba. Ki riƙe wannan a ranki, kada ki ɗauke ta tsohuwa mai naci kawai.

Ba za ta ce ki ci ba. Gwaggo ba ta cewa mutum ya ci. Cewa take, “Ɗan taɓa.” 'Yar ƙaramar kalma marar laifi, wa zai ƙi taɓawa? Sai ki taɓa hoce. Tunda kin taɓa hoce ai sai da miyar sure, ga man shanu ta kwarara tun ba ki buɗe baki ba. Kina taɓawa tana zaune a gabanki a kan tabarma, ta tallafe haɓa, tana raka kowace loma da ido. Idan kika tsame hannu sai ta tambaya ko bai yi daɗi ba ne. Ki ce ya yi. To ɗan ƙara taɓawa. Kafin ki farga an buɗe kwano na uku, kina jin ƙarar ludayi a bayanki ana dama fura. Na zauna a tabarmar nan. A gidan Gwaggo ban taɓa ganin taɓawar da ta tsaya ƙasa da ƙoshi biyu ba.

Hanya biyu na gwada da ita, duka ba su ɓulle ba.

Ta farko ina amarya, an kai ni Tsafe gaida dangi, lokacin ba ta dawo Gusau ba. Ta wuni tana shiri. Aka jera mini kwanuka, ta ce in ɗan taɓa. Ni kuwa sabuwar fitowa daga jami'a, takardar shaidata ko lanƙwasa ba ta yi ba. Na ɗaga murfi, na ga man shanu kwance a kan miya kamar tafki, sai na yi mata bayani. Cikin ladabi fa, har da murmushi. Na ce maiƙo da yawa yana toshe hanyoyin jini, na ƙara da cewa a riƙa rage gishiri saboda hawan jini. Ɗakin cike yake da mata. Gwaggo ta sa hannu ta mayar da murfin a hankali, ta ce, “Abin da munka ci munka girma ke nan. Ku kawo ma Malama ruwa.” Tun daga ranar Malama nake a bakinta, kuma ba don ina koyarwa ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, yana nan a littafi. Har yau gaskiyar nan ba ta samo mini ko murmushi ɗaya ba a gidan.

Saboda haka kada ki yi mata bayani. Kada ki ce Koci ya ce, kada ki ambaci narkewar abinci, kada ki karanta mata ko layi ɗaya na wannan takarda. Duk dalilin da za ki kawo, abin da kunnenta zai ji shi ne abincinta bai isa ba. Kuma kada ki fake da azumi ko ciwon ciki. Na farko ƙarya ce da za ta ƙare da magariba a gaban kwanuka ninki biyu. Na biyu zai jawo miki jiƙo mai ɗaci, sannan ta kira Babanki ta ce yarinya ba ta da lafiya, kada a bar ta ta yi gudu.

Hanya ta biyu na gwada ta bayan wasu shekaru, lokacin da aka kira ni intabiyu na aikin koyarwa a Gusau na sauka a gidanta. Na ce wannan karon zan gyara abin da na ɓata. Duk abin da ta ce in taɓa na taɓa, da yamma da kuma safe: hoce, ɗumamen tuwo da man shanu, fura a kai. Ta ji daɗi, har ta raka ni bakin zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. Na zauna a gaban waɗansu mutane masu manyan riguna, gumi yana bin bayana, cikina yana riga ni amsa tambayoyi. Ɗaya daga cikinsu, mutumin kirki, ya tambaya ko a buɗe mini taga. Na yi wa Gwaggo kara, na rasa aikin shekarar, sunan Malama kuma bai goge ba.

A nan ne na fi jin tsoronki. Kina da kunya, kina da tausayi, kuma idan tsohuwa ta kafe ki da ido ko dutse ne sai ki haɗiye. Za ki ce a ranki loma biyu ba za ta yi komai ba. Da a wani gida ne, da loma biyu ce.

Hanya ta uku daga kallon Babanki na gano ta. Ki lura, shi ba ya shan wahala a gidan yayarsa, alhali ba ya cin rabin abin da take dafawa. Yana shiga, tun bai zauna ba, sai ya ce, “Yaya, kunun tsamiyar nan naki nake marmari.” Shi ke nan. Ta tashi da rawar jiki, ta manta da sauran kwanukan. A wurin Gwaggo wanda ya ƙi abincinta ita ya ƙi. Wanda ya roƙi wani abu takamaimai a hannunta kuwa ya ba ta abin da take nema tun farko, wato a buƙace ta. Ni ban taɓa roƙonta komai ba, ko gishiri. Girman kai ne, ko da yake na daɗe ina kiransa rashin son ɗora wa mutane nauyi.

Don haka ki riga ta. Tun ranar da kika sauka, kafin a fara shirin tukunyar Juma'a, ki same ta ita kaɗai, ba a gaban surukanta ba. Ki zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ki ce kina da roƙo. Ki ce farar shinkafa kike so ranar Juma'a da magariba, dafin hannunta, ba na kowa ba, da miya marar yaji irin wadda take yi wa jikokinta. Ki ce kokon asubar Asabar ma ita kike so ta dama miki, mai ruwa-ruwa, ta yi miki addu'a a kai. Sannan ki ce duk wani abin daɗi da ta tanada ta ajiye miki shi sai kin dawo daga fili, lokacin da za ki ci shi da yunwar gaske. Wannan ba wayo ba ne, gaskiya ce: bayan tsere jiki yana neman nama da fura da duk abin da na hana ki. Ki dawo ki zauna a tabarmar ki ci tana kallo, ki nemi ƙari. Ko kin ci tseren ko ba ki ci ba, alkawari ne, ki cika shi.

Idan duk da haka ranar Juma'a ta turo kwano ta ce ɗan taɓa, kuma za ta iya, ki ɗaga murfin ki yaba, ki rufe da hannunki, ki ce, “Gwaggo, wannan nawa ne na gobe, kada kowa ya ci mini.” Ki kai shi ɗakinta da kanki.

Ban so in bar miki wannan aiki ba. Ɗazu bayan Babanki ya fita na kira ta a waya. Niyyata in ɗauke miki nauyin, in ce ni na hana, tunda sunana ya riga ya ɓaci a can, ƙarin tabo ɗaya ba zai nuna ba. Muka yi doguwar gaisuwa. Na ce gobe Ummi na tafe. Ta ce ta sani, tun shekaranjiya take shiri. A bayanta ina jin kukan kaji, ba ɗaya ba. Na tambaya, ta ce jiya aka kawo mata su daga Tsafe, zakaru biyu da ta sa aka yi ta kiwo tun da ta ji za ki zo. Ranar Juma'a za a yanka, a soya da man shanu, Innarta ta ci ta sami ƙarfin gudu. Kin ji. Gudun ma ba ta ƙi shi ba. So take ki zo ta ɗaya.

Sai na fara. Wallahi na yi ƙoƙari, ban ambaci hanyar jini ko ɗaya ba. Na ce, Yaya, dama wata alfarma ce game da abincin yarinyar nan kafin Asabar. Sai ta ce:

“Malama, ita ɗiyar ba ta da baki?”

Na ce tana da shi.

“To in ta taho ta hwaɗa min da nata.”

Ta kashe wayar.

Na daɗe a zaune ina juya maganar. Ban san ko ƙofa ta buɗe ba ko rufewa ta yi, a wurin Gwaggo sautin ɗaya ne. Mai yiwuwa na ƙara ɓata miki hanya, ta zauna yanzu tana jiran ta ji saƙona daga bakinki. Mai yiwuwa kuma abin da ta faɗa shi take nufi, ba ƙari ba ragi. Abin da na tabbata shi ne ni ba zan iya ba, Babanki ba zai yi ba, Koci Bala kuwa ko zauren gidan ba zai wuce ba. Na raka ki har inda ƙafata ta tsaya.

Kin daɗe kina tashi kafin kowa, kina zagaya filin makaranta da dogon wando da hijabi, mutane suna faɗin abin da suka ga dama. Ban taɓa ce miki na ji daɗi ba, ba halina ba ne, kuma ba yau zan fara ba. Ina dai gaya miki cewa duk wannan yana rataye ne a kan 'yar gajeriyar magana tsakaninki da wata tsohuwa mai ƙaunarki. Zakarun nan suna ɗaure a tsakar gidanta. Yanka dai za a yanka su. Ko Juma'a da yamma ko Asabar da azahar, ke za ki sa ranar.

Allah ya buɗe bakinki, ya sassauta zuciyar Gwaggonki, ya riƙe ƙafafunki ranar Asabar. Idan ya nufa aka ɗauke ki, ya tsare ku a hanyar Tsafe da gaba da ita. Kada ku kama ta bayan la'asar, ko wa ya ce babu komai. Idan kuma bai nufa ba, ya dawo mini da ke a kan ƙafafunki. Ƙannenki suna gaishe ki.

Yanzu ki ninke takardar nan, ki je ki same ta tun ba a wasa wuƙa ba.

Mahaifiyarki.